Ƙafa Ta Uku: Yadda Wani Dattijo Ya Koma Kan Babur Bayan Shekara 40

Duk wanda ya yi wayo a garuruwan Arewa cikin shekarun 1970 ya san irin matsayin da babur ɗin nan Vespa, wanda mutanen gida ke kira Basfa, ya riƙe a idon jama'a. Shi ne abin hawan malamin makaranta da akawu da malamin asibiti da ɗan kasuwa mai tasowa. Ba ya ɓata tufafi, gama injinsa a rufe yake, kuma mai babbar riga yana iya tattara ta ya zauna a kai kamar wanda ya zauna bisa kujera, ƙafafunsa a haɗe a gabansa. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fara ƙera shi a 1946, sunan kuwa ma'anarsa zanzaro a harshensu. Sa'ad da aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji a farkon 1975, har da na watannin baya, samari da yawa ba su zame ko'ina ba sai kantin masu sayar da babura.

Cikin samarin nan akwai wani malamin Faransanci a wata makarantar sakandare ta Zariya, shekararsa 22 a lokacin. Ya sayi nasa, ya kuwa hau shi shekara 8 cur, tsakanin Zariya da Kaduna da Funtuwa. Ya san yadda ake gauraya fetur da baƙin mai, ya san yadda ake kwance fulogi a goge a bakin hanya, ya san sauya ƙafa in ta yi faci, tun da yake Vespa da safayarta take tafiya. A kanta ya yi zance, a kanta kuma ya riƙa kai amaryarsa ganin gida. A 1983 ya sami damar ƙaro ilmi a Faransa, sai ya sayar wa wani ɗan'uwansa da babur ɗin, da nufin in ya komo bayan shekara biyu ya sayi sabo. Allah bai nufa ba. Aiki ya riƙe shi a birnin Lyon, iyali suka bi shi, 'ya'ya suka girma a can, mota ta zama tilas, babur kuwa ya koma labarin da ake ba yara.

ABIN DA YA TA DA MAGANAR

A 2023 dattijon nan ya cika shekara 70. Ya daɗe da yin ritaya, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, mota kuma ya sayar, domin neman wurin ajiye ta a cikin gari ya fi tafiyar kanta wahala. Da farko bas da jirgin ƙasa na cikin gari sun ishe shi. Amma gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo, tafiyar da yake yi daga gida zuwa tasha ta fara yi masa tsawo, sannu a hankali sai wuraren da yake zuwa suka yi ta raguwa. Yana da ɗan lambu da ya kama haya a bayan gari, inda yake shuka yakuwa da kuɓewa da tattasai da bazara, sai ya zama mako guda na wucewa bai leƙa ba. Masallacin Juma'a ma sai ranar da surukinsa ya sami sukunin zuwa ɗaukarsa. Ba wanda ya taɓa nuna masa gajiya, amma shi da kansa ya lura ya fara zama mutumin da ake kaiwa a komo da shi, wanda yake shiryawa tun da hantsi ya zauna bakin taga yana duban agogo. Abin da ya dame shi ke nan, shi ne kuma ya ta da maganar babur.

Ranar da ya faɗa a gida, matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, ni dai na gama hawa bayan babur tun a Tudun Wada. In ka saya, kai kaɗai za ka hau abinka."

Babbar 'yarsa kuwa, wadda take aikin jinya, ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ta ce, "Baba, ƙashin ɗan shekara 70 ba ya haɗuwa kamar na ɗan shekara 20. Kullum ina ganinsu a asibiti. Faɗuwa ɗaya ce, in ƙugu ya karye, wani ba ya sake tafiya da ƙafarsa."

Ya ce, "Na ji, Uwata, kuma gaskiya kika faɗa. Amma wanda ya zauna a ɗaki yana jiran a zo a ɗauke shi, shi ma ai ba da ƙafarsa yake tafiya ba."

Aka bar maganar a nan, ba wanda ya ci wani.

Abin da zuciyarsa take so tun farko shi ne Vespa, irin na zamani, mai ƙafa biyu. Ya tafi wani kanti ya zauna a kan guda, mai kantin ya sauke masa shi daga inda aka kafe shi, ya sake masa. Babur ɗin ya ɗan karkata hagu kaɗan kawai, yadda kowane babur yake yi, ya sa ƙafa ya tare, nan take gwiwar ta ba shi amsa. Bai faɗi ba, bai kuma ce kome ba, amma ya gane abin da bai taɓa tunani a kai ba sa'ad da yake saurayi, watau babur a guje shi yake riƙe kansa, a tsaye kuwa mai shi ne yake riƙe shi. A cikin gari kuwa tsayuwa ta fi gudu yawa: ga danja, ga shataletale, ga masu ƙetare hanya. Kowace tsayuwa bashi ce da za a bi gwiwarsa. Mai kantin ne ya nuna masa wani layi na babura a gefe, masu ƙafa biyu a gaba, ɗaya a baya.

KUNYAR ƘAFA UKU

Kafin ya duba su da idon basira sai da ya yi fama da kansa, gama ga mutumin Arewa abin hawa mai ƙafa uku yana da ma'anarsa. Ko dai keken da ake ƙera wa guragu ne, ko kuwa na haya, wanda aka fara sani da Keke Marwa a Ikko, ya zama Keke NAPEP a zamanin Shugaba Obasanjo, Kanawa kuma suka laƙaba masa A Daidaita Sahu a zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau. Da ya ba wani tsohon abokinsa na Zariya labari ta waya, sai abokin ya fashe da dariya ya ce, "Ashe haya za ka fara a Turai? Nawa ne zuwa Sabon Gari?" Ya yi dariya shi ma, amma maganar ta kwana a ransa.

Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne da ya fara lura da titi. Masu hawan irin wannan babur a Lyon da Faris galibinsu magidanta ne masu zuwa ofis, da kwat da jaka, ba wanda yake ko waiwayarsu. Ya kuma tuna cewa Piaggio ɗin da ya ƙera Vespa shi ne ya ƙera Ape a 1948, watau ɗan keken kaya mai ƙafa uku wanda kekunan haya na yau suka gaji siffarsa, saboda haka ƙafa biyu da ƙafa uku 'yan ɗaki ɗaya ne tun asali. Daga ƙarshe ya ce wa kansa, dattijon da ya riƙe sanda ba a taɓa yi masa dariya a garinsu ba, sai dai wanda ya ƙi riƙewa ya faɗi a bainar jama'a. Girman kai, in ji Hausawa, rawanin tsiya.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Babur na farko irin wannan da ya bazu a kasuwa shi ne Piaggio MP3, wanda ya fito a 2006. Ƙafafunsa biyu na gaba ba a kafe suke ba kamar na mota. An haɗa su da sandunan ƙarfe huɗu masu gaɓoɓi, ta yadda in babur ya kwanta a kwana su ma sai su kwanta tare da shi, har zuwa kamar digiri 40, kowace tana taka ƙasa. Saboda haka tuƙinsa tuƙin babur ne sosai, da jiki ake karya kwana. Amfanin ƙafar da aka ƙara yana fitowa ne a wurare biyu. Na farko, in ɗaya ta taka santsi, ko ƙarfen layin jirgin cikin gari, ko murfin lambatu, ɗayar tana riƙe da kwalta, kuma birki ya fi kamawa. Ga gari irin Lyon, mai tuddai da tsofaffin tituna na duwatsu da yawan ruwan sama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, akwai wani maɓalli a hannun dama, wanda in gudu ya sauko ƙasa da kamar kilomita 10 a awa, aka saki totur, aka danna shi, sai gaɓoɓin nan su ƙulle, babur ya tsaya ƙyam ba tare da an sa ƙafa a ƙasa ba. Da an murɗa totur sai makullin ya saki da kansa.

Har wa yau akwai zancen lasin. A dokar Turai, in tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba ta wuce milimita 460, abin ya fita daga sahun babura masu ƙafa biyu ya shiga sahun masu ƙafa uku. Ganin haka Piaggio ya faɗaɗa nasa zuwa milimita 465, ya ƙara masa birkin ƙafa, sai ya zama mai lasin mota yana iya hawansa a ƙasashe da dama. A Faransa sharaɗin shi ne mutum ya kai shekara 21, lasinsa na mota ya shekara 2, kuma tun daga 2011 tilas ya yi horo na awa 7. Ga dattijon da bai taɓa riƙe lasin babban babur na Faransa ba, wannan ƙofa ce a buɗe.

ZAƁE TSAKANIN HUƊU

Ya yi wata biyu yana zagaya kantuna, ya tsayar da hankalinsa kan iri huɗu. Na farko shi ne Can-Am, ƙirar ƙasar Kanada. Wannan ba ya kwantawa ko kaɗan, saboda haka ba ya faɗuwa a tsaye, 'yarsa kuwa shi ta fi so. Amma faɗinsa ya kusa na ƙaramar mota, ba ya shiga lungu, neman wurin ajiye shi kuma sai ya mai da shi cikin wahalar da ta raba shi da mota. Bugu da ƙari, a kwana jan kansa ake yi da ƙarfin hannu. Ya ce in mota yake so, ai ya san inda ake sayarwa.

Na biyu shi ne Yamaha Tricity 125, wanda ya fito a 2014. Shi ne mafi sauƙin nauyi, kilo 160 da 'yan kai, ga sauƙin kuɗi da na mai. Sai dai ba shi da makullin tsayuwa, a kowace danja sai an sa ƙafa, watau ya warkar da ciwon santsi ya bar na gwiwa. Yayansa mai lamba 300, wanda ya fito a 2020, yana da abin taimakon tsayuwa, amma nauyinsa ya kusa kilo 240.

Na uku shi ne Peugeot Metropolis, wanda aka fara sayarwa a 2013. Nan zuciya ta so ta rinjayi hankali, domin duk wanda ya zauna kusa da Kaduna a shekarun da masana'antar Fijo ta can take fitar da 504 yana ganin zakin nan da wani ido dabam. Ya zauna a kai, ya ji daɗin kujerarsa. Amma shi da babban MP3 mai lamba 530, wanda har giyar baya gare shi, duka sun doshi kilo 280.

A nan ne ya gane inda gizo yake saƙa. Tsohuwar Vesparsa ta Zariya nauyinta bai wuce na buhun shinkafa biyu masu kilo 50 ba, in ta faɗi da hannu ɗaya yake ta da ita. Waɗannan manyan kuwa sun fi buhu biyar da rabi. Ƙafa ta uku ba kyauta ake ba da ita ba, da nauyi ake biya, nauyin nan kuwa duk a gaba yake. Muddin babur yana tafiya ba a jinsa, makulli yana kame ma ba a jinsa. Amma akwai ɗan lokaci tsakanin gudu da tsayuwa, akwai kuma ranar da za a ƙulle shi a karkace bisa gangare, a murɗa totur ya saki ya tafi wajen da ya karkata, to, a ranar nan ƙafar mutum ce kaɗai za ta tare, in kuwa ta kāsa, mutum ɗaya mai shekara 70 ba zai iya ta da shi ba.

Saboda haka ya daina tambayar masu kanti gudun babur da ƙarfin inji. Duk wanda aka nuna masa sai ya roƙi abu biyu: a bar shi ya tura shi baya da kansa taku goma, injin a kashe, kāna a saki makullin ya riƙe shi da ƙafar hagu yana ƙirgawa har 30. Da wannan awo ya zaɓi na huɗu, MP3 mai lamba 300, ƙaramin cikin masu makulli, nauyinsa kilo 220 da ɗoriya. Na hannu ya saya, mai shekara 2, bayan wani makaniki ya duba masa gaɓoɓin gaba da birki, gama a nan kuɗin gyaran irin wannan babur yake taruwa.

HANNU YA TUNA, ƘAFA TA TUNA

Kafin ya karɓi mabuɗi sai da ya yi horon nan na awa 7: biyu a aji, biyu a fili, uku a titi. Shi ne mafi tsufa a ajin, malamar da take koyarwa kuwa ba ta kai 'yarsa ba. A fili ne shekara 40 ɗin suka nuna kansu. A tsohuwar Vespa hannun hagu shi ne na kuloci da giya, ana matsewa a murɗa. A babur na zamani kuwa ba giya, abin da yake hannun hagu birki ne. Sau biyu hannunsa ya matse shi da niyyar sa giya, babur ya turje. Malamar ta ce wanda bai taɓa hawa ba ya fi sauƙin koyarwa a kan wanda ya iya tun da can, domin shi na biyun sai an fara kwance masa abin da jikinsa ya haddace. Amma ƙafarsa ta dama ta biya shi. Birkin ƙafar nan da doka ta sa aka ƙara yana daidai wurin da birkin baya na tsohuwar Vespa yake, ƙafar kuwa ta tafi kansa kai tsaye kamar jiya ta bar shi.

Nasiha ɗaya ta malamar ya riƙe fiye da sauran. Ta ce watanni na farko ya riƙa sauke ƙafa a kowace tsayuwa, sai babur ya tsaya daidai sa'an nan ya danna makulli ya mai da ƙafar ta huta. Masu son a gan su suna ƙullewa tun babur yana mirginawa, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, su ne suke faɗuwa a gaban danja. Ta kuma tuna masa titin da ya sani ba shi ne wannan ba: motoci sun fi yawa, wasu na lantarki ne ba a jin zuwansu, ga kekuna ta ko'ina, wuyansa kuma ba ya juyawa da sauri kamar dā. Abin da ya zo masa da sauƙi shi ne tun 2022 yawancin titunan Lyon an ƙayyade gudunsu kilomita 30 a awa, tuƙin hannun dama kuwa da shi ya koya, tun da Nijeriya ta koma kansa a 1972.

Ya kafa wa kansa dokoki, ya kuwa bi su. Ba ya fita da dare, ba ya fita ranar ƙanƙara, ba ya hawa babbar hanya, ba ya ɗaukar kowa a baya, ko da jika ya yi kuka. Hular kwano da safar hannu doka ce ta ƙasa, ya ƙara da riga mai kāriya a gwiwar hannu da kafaɗa, da takalmi mai rufe idon sawu. Babbar riga kuwa ninke ta yake yi ya sa a ma'ajin da ke ƙarƙashin kujera, sai ya isa ƙofar masallaci ya zura ta. A wannan bazarar lambunsa bai sha ƙishirwa ba, har maƙwabta suka sami yakuwa.

Saura 'yarsa. Ba ta sauya ra'ayi ba, shi ma bai nemi ta sauya ba, gama tsoronta yana kan hanya. Abin da suka yi shi ne alkawari. Kowace shekara, in sanyi ya wuce, kafin ya fara fita, za ta zo ta tsaya, ya turo babur daga ma'ajinsa da kansa, ya saki makulli ya riƙe shi da ƙafar hagu har ta ƙirga 30, sa'an nan ya nuna mata takardar likitan ido. Shekarar da ɗaya daga cikin ukun nan ya gagara, zai miƙa mata mabuɗi da hannunsa, ba sai ta roƙa ba. Ta ce, "Baba, ka yarda?" Ya ce, "Na yarda, Uwata, Allah ne shaida."

Ga sauran dattawa masu irin wannan marmari, a Turai suke ko a gida, abin lura a labarin nan shi ne awon da ya yi amfani da shi. Ƙafa ta uku tana rage santsi, tana hutar da gwiwa a danja, amma ba ta mai da ƙuruciya, ba ta gani a madadin ido, kuma babur mai kwantawa a kwana yana iya kwantawa ƙasa ko ƙafarsa nawa. Wanda zai saya ya fara auna abin da jikinsa yake iya turawa da tarewa a yau, ya koma makaranta ko da ya taɓa iyawa, ya kuma sami wani na kusa da zai gaya masa gaskiya ranar da lokacin sauka ya yi. Iya ruwa, fid da kai. Allah ya kiyaye hanya, amin.